Yadda na gyara matsalar da ganyen kale ya jawo min

Wata biyu kullum da safe sai na markaɗa ganyen kale (wani ganye ne dangin kabeji) ɗanye cike da kofi na sha, wai ina neman lafiya. Cikina ya dinga kumburi, ban kawo komai ba, sai da na je gwajin jini saboda ina shan warfarin, maganin hana jini daskarewa, aka ga INR ɗina, wato ma'aunin saurin daskarewar jini, ya sauko ƙasa da 2, alhali tsakanin 2 da 3 ake so ya tsaya. Wallahi hankalina ya tashi.

Likita ta tambaye ni me na canza a abinci, ina cewa kale ta ce to shi ne, ganyen cike yake da bitamin K kuma bitamin K yana rage ƙarfin warfarin. Ta ƙara da cewa dangin kabeji ne, cin shi ɗanye da yawa kan iya jawo maƙoƙo musamman ga mai ƙarancin aidin.

Ba ta ce in daina ba fa. Na rage shi sosai, ina dafawa, kuma adadi ɗaya nake ci duk sati ba yau da yawa gobe babu ba. Da aka sake gwaji INR ya dawo daidai, kumburin ma ya tafi.