Kurakuran da aka fi yi wajen gyaran tsohon coci da ya koma hannun wata jama'a

A titin Brick Lane na Landan akwai wani gini da Kiristoci 'yan gudun hijira daga Faransa suka gina a 1743. Daga baya ya zama cocin Metodis, ya zama majami'ar Yahudawa, tun 1976 kuma masallaci ne. Agogon ranar da ke jikin bangonsa har yau yana nan. Ba kowane gini ke samun wannan sa'ar ba, domin sababbin masu shi kan zo da ɗoki.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a fara da fenti da kafet alhali rufi na yoyo. A hau sama tukuna, a share indararon da ganye da kashin tantabaru suka toshe, sannan a bar bango ya bushe, ko da zai ci watanni.

Sai siminti, wanda shi ne mugun. Tsofaffin coci-coci da kwaɓin farar ƙasa da yashi aka ɗaura su, kwaɓin da ke barin danshi ya fita. Da an shafe bangon da siminti, ruwa ya rasa hanya, sai ya koma cin dutsen ko bulon kansa. Bayan 'yan shekaru za ka ga wani farin gishiri ya feso a gindin bango, ka ƙwanƙwasa filasta ka ji ta kamar ganga, ka taɓa bulo ya zube maka a hannu kamar gari. Magani shi ne a ɓamɓare simintin a hankali da hannu, ba da injin ba, a mayar da irin kwaɓin asali. Fentin mai ma haka yake shaƙe bango. Idan kuwa za a ƙara wurin alwala ko kicin, a nisanta bututun ruwa da tsohon bango.

Hotuna da rubuce-rubucen mutanen da, waɗanda ba su dace da ibadar sababbin ba, nan ne hannu ke saurin kai wa guduma. Rufewa ta fi farfasawa. Hagia Sophia, tsohuwar majami'ar Kiristoci ta Istanbul, an kammala ta a 537, ta zama masallaci a 1453, kuma hotunanta da yawa filasta aka shafa musu. Shi ya sa aka same su da ransu lokacin da aka fara buɗe su a 1931. Yanzu labule ko allon katako ya wadatar, amma a ɗauki hoto a ajiye kafin a rufe.

Batun izini kuma ana yawan mantawa da shi. A Ingila, sauya fasalin ginin da ke cikin rajistar gine-ginen tarihi ba tare da izini ba, laifi ne a doka. Idan akwai kaburbura a harabar ko ƙarƙashin daɓe, kada a sa diga sai an je wurin hukuma, an kuma nemi dangin mamatan.