Yadda banki zai karɓi yafiyar wa'adin miƙa rahoton kimar gida a Amurka

A Amurka, duk bankin da zai ba da rance kan jinginar farko ta gidan zama (wato wadda za a fara biya idan aka sayar da gidan saboda bashi), dole ne ya ba mai neman rancen kwafin rahoton kimar gidan kyauta. Ƙa'idar tana cikin Regulation B, dokar ba da rance ba tare da nuna bambanci ba, wadda CFPB, hukumar kare masu hulɗa da cibiyoyin kuɗi, ke kula da ita, kuma ta fara aiki ranar 18 ga Janairu, 2014. Ta shafi ginin da ke ɗaukar iyali 1 zuwa 4, ko da rancen na kasuwanci ne.

Cikin ranakun aiki 3 da karɓar takardar neman rance, a sanar da mai neman a rubuce cewa yana da haƙƙin samun kwafin. Shi kuwa kwafin, a miƙa shi da zarar an kammala rahoton, ko ranakun aiki 3 kafin sa hannu kan yarjejeniyar rancen, duk wanda ya riga zuwa.

Wannan wa'adin kaɗai mai neman rance ke iya yafewa. Kwafin kansa ba ya yafuwa: sai ya shiga hannunsa kafin sa hannu ko a lokacin sa hannun. Ma'aikata da yawa a nan suke zamewa, su ɗauka yafiya ta sauke musu nauyin gaba ɗaya.

Ita ma yafiyar tana da nata lokacin. A karɓe ta aƙalla ranakun aiki 3 kafin sa hannu. Idan Juma'a za a sa hannu, ta zo zuwa Talata. Wadda aka cusa cikin tarin takardun ranar sa hannu ba ta da amfani, domin haƙƙin da ake neman a yafe an riga an tauye shi. Doka ta yarda da yafiya ta baki, amma a rubuta rana, da sunan wanda ya yafe, da na ma'aikacin da ya saurare shi, don fayil ne mai binciken banki zai buɗe. In masu neman sun fi ɗaya, a karɓa daga babban mai nema.

Togiya ɗaya ce: idan mai neman rance ya riga ya samu rahoton a kan lokaci, sai aka gyara kuskuren rubutu da bai taɓa kimar ko hanyar lissafinta ba, ana iya karɓar yafiya cikin kwanaki ukun nan. Da zarar adadin kuɗin ya motsa, togiyar ta faɗi.

Kafin a nemi yafiya, a duba ko rancen na cikin rancen gida mai tsadar ruwa da Regulation Z, dokar bayyana gaskiyar sharuɗɗan rance, ta gindaya wa sharaɗin kimantawa. A nan babu yafiya sam, ko da mai neman rancen ne ya roƙa. Gara a ɗaga ranar sa hannu.

Kwafin da aka aika ta gidan waya ana lissafa ya isa bayan ranakun aiki 3, sai in akwai shaidar ya isa kafin nan. Ta imel kuwa, sai an samu amincewar mai neman rance bisa E-Sign, dokar takardu da sa hannu ta na'ura.

Idan an yi yafiya amma cinikin ya watse, a aika kwafin cikin kwana 30 daga ranar da banki ya tabbatar ba za a sa hannu ba. Wannan ake yawan mantawa, saboda an riga an rufe fayil. Takardun kuwa a adana su wata 25 a rancen ɗaiɗaikun mutane.