Babur Ya Faɗi A Ajiye: Kurakuran Da Aka Fi Yi Bayan An Ɗaga Shi

Da damina a Kaduna ƙasa takan yi laushi, ƙafar gefe ta babur ta nutse a hankali, sai ka fito daga masallaci a Tudun Wada ko daga sayayya a Kasuwar Barci ka tarar da mashin ɗinka kwance. Yawancinmu abin da muke yi shi ne mu ɗaga shi da sauri, mu karkaɗe ƙura, mu duba ko fenti ya goge, mu buga kik. Ɓarnar da ke cin kuɗi daga wannan gaggawar take fitowa.

Babban kuskure shi ne tayar da inji nan take. Babura irin su Boxer da Jincheng da Haojue da ke amfani da kafireto, wato na'urar da ke haɗa fetur da iska, idan suka kwanta, fetur yakan malale ya jiƙa fulogi. Baƙin mai kuma yana iya gangarawa cikin akwatin iyakilina, wato matatar iska, wani lokaci har cikin silinda. Ka kashe makulli, ka rufe famfon mai, ka tsayar da babur a miƙe kan ƙafar tsakiya, ka ba shi kamar minti 10 komai ya koma mazauninsa. Sannan ka danna kik da hannu a hankali. In ya sauka kamar yadda ya saba, madalla. In ka ji ya cije, don Allah kada ka hau shi da ƙarfin ƙafa. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska, kuma fistin da aka tilasta wa tura mai yana iya lanƙwasa kwanrod, wato sandar ƙarfen da ke riƙe da fistin, aikin da sai an buɗe inji. Cire fulogi, ka buga kik sau da yawa abin da ke ciki ya fita, ka goge fulogin ya bushe, ka mayar.

Wasu kuma in ya ƙi tashi sai su ja cok. Wannan ƙara masa mai ne alhali mai ne ya shaƙe shi. Bar cok, murɗe totur, wato hannun ba da wuta, har ƙarshe, sannan ka buga. In ya tashi yana ɗan hayaƙi, bar shi a silo, yakan washe cikin 'yan mintuna. Hayaƙin da ya ƙi ɗaukewa shi ne na kai wa bakanike.

Kafin ka hau, ka murɗa totur ka saki. Dole ya koma da kansa. In babur ya faɗi ta dama, robar hannu takan matse ta riƙe totur, kuma ba a kan titin Ahmadu Bello ya kamata mutum ya gano hakan ba. Ka matsa birkin gaba da kuloc, ka taka birkin baya, ka taɓa giya. Mai birkin diski ya lura ko hannun ya yi laushi, alama ce iska ta shiga. Hannun birki ko na kuloc da ya lanƙwashe kuwa, kada a taka shi ko a sa masa bututu don a miƙar. Alminiyon zubi ne, yakan tsage ta inda ido ba ya gani, ya karye ranar da ake bukatarsa. Sabo ba shi da tsada, ko a Panteka ko a shagon kayan babur na unguwa.

Akwai kuma masu matse tayar gaba tsakanin gwiwoyi su fizgi kan babur don ya daidaita. Gara a sassauta notocin da ke riƙe shokazoban gaba, a saita, a sake ɗaurewa. In har yanzu yana jan gefe ɗaya, ƙarfen shokazoban ne ko na kan babur ya lanƙwashe.

Ma'aunin baƙin mai a wuri mai shimfiɗa ake duba shi, babur a miƙe. Wanda ya duba da wuri, kafin man ya koma mazauninsa, zai ga kamar ya ragu, ya ƙara, ya wuce ƙa'ida. Ka leƙa batir ma, in mai ruwa ne, asid ɗin da ya zuba yana cin ƙarfe da waya, a wanke wurin da ruwa mai yawa.

Ƙafar gefen da ta jawo faɗuwar ita ake mantawa. Duba sifirin ɗinta da notinta. In ƙasa ta jiƙe, ka sa mata faffaɗan dutse ko guntun katako, ka bar babur a giya ɗaya, in wurin gangare ne kansa ya kalli tudu.