Mai kwana ɗaya a Sakkwato, ga inda za ka fara

Salam 'yan uwa. Ga masu shigowa Sakkwato biki ko wani aiki su ce gobe za su juya, don Allah kar ku ƙare a ɗakin otal, wuni ɗaya ma ya isa ku ga wani abu.

Ku yi sammako, da an yi sallar asuba an karya ku nufi Hubbaren Shehu tun rana ba ta buɗe ba, don zafin garin nan ba wasa ba ne musamman Maris da Afrilu. Nan kabarin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yake, wanda ya rasu 1817, 'yarsa Nana Asma'u ma nan aka rufe ta. Ku sa silifas mai sauƙin cirewa, ku riƙe 'yan canji saboda masu neman sadaka a bakin ƙofa, kuma kar a ɗaga waya a hau hoto ba a tambayi masu kula da wurin ba, wurin ziyara ne da addu'a.

Daga nan Masallacin Shehu da Fadar Sarkin Musulmi ba nisa, kabu-kabu ko keke zai kai ku, ku yi ciniki kafin ku hau. In ranar aiki ce ku leƙa gidan tarihi na Waziri Junaidu, ni wallahi nan na fi so, tsofaffin rubuce-rubucen hannu da kayan yaƙi.

Wurno kam, inda Sarkin Musulmi Bello yake kwance, ku bar ta sai wani zuwan, hanya za ta cinye muku yamma.