Yadda nake rufe kwas ɗina na intanet idan zango ya ƙare

A ajin bulo da siminti, ranar da ka yi lakcar ƙarshe sai ka kakkaɓe allin hannunka ka fita, masinja ya ja ƙofa ya sa kwaɗo, shi ke nan. Ajin intanet ba shi da masinja. Idan ba kai ka rufe shi da hannunka ba, haka zai zauna a wangale, sai wata biyu bayan sakamako ya wuce gaban Sanet, wato majalisar jami'a da ke amincewa da shi, ka ga wata ta tura jingar mako na huɗu, ta kuma biyo ka da saƙo ƙarfe ɗayan dare: "Salam Malam, na tura, don Allah a duba min."

Ni dai ba da son raina na shiga koyarwa ta intanet ba, korona ce ta hankaɗo mu a 2020 da aka rufe makarantu. Daga baya na zauna a harkar, yanzu kusan duk zango ina da kwas ɗaya da ɗalibai ɗari biyu da 'yan kai, yawancinsu ma'aikata da matan aure da 'yan kasuwa, waɗanda ban taɓa ganin fuskarsu ba. Da Moodle muke aiki, manhajar nan da wani ɗan Ostireliya, Martin Dougiamas, ya fitar a 2002, don haka sunayen maɓallan da zan ambata nata ne. Mai amfani da Google Classroom ma zai tsinci abin da zai yi masa amfani.

Rufe kwas yana farawa ne mako biyu kafin ranar rufewa. A lokacin nake fitar da sanarwa guda ɗaya, gajera, in sa ta a shafin kwas, in kuma tura wa wakilin aji ya sa a gurup ɗin WhatsApp. Abu uku kawai take ɗauke da su: ayyukan da ake bin kowa, ranar da za a rufe da ƙarfe nawa, da kuma inda mai ƙorafi zai kai ƙorafinsa. Kada ka rubuta "ƙarshen mako" ko "nan da Alhamis". Rubuta rana da kwanan wata da lokaci, ka ƙara da cewa agogon Najeriya. Wannan ƙarin ba ƙawa ba ne. Na taɓa samun ɗalibi da ke aiki a Saudiyya, su suna gabanmu da awa biyu, da wata da ke aure a Kumasi, su kuma muna gabansu da awa ɗaya. Na Nijar da Kamaru da Chadi agogonmu ɗaya da su, ba su da matsala.

Na daina rufe aiki ƙarfe 11:59 na dare. Kowa haka yake yi, amma ni ban ga hikimarsa ba a ƙasar da ake ɗauke wuta ba sallama. Idan ɗalibi ya maƙale ƙarfe sha ɗaya da rabi na dare, shagon kwamfuta a rufe, mai cajin waya ya tashi, ma'aikatan sashen kwamfuta na makaranta suna barci, ni ma haka. Yanzu ƙarfe huɗu na yamma nake rufewa, ranar Talata ko Laraba, ba Juma'a ba. Wanda abu ya ƙi yi masa yana da inda zai ruga.

A Moodle kowace jinga tana da ranaku biyu, kuma da yawa daga cikinmu ɗaya kawai muke cikewa. Ta farko, Due date, ranar da ake so a kawo aiki ce. Bayan ta wuce ƙofa na nan buɗe, manhajar dai za ta rubuta cewa an makara. Ta biyu, Cut-off date, ita ce kwaɗon. Idan ba ka sa ta ba, ba ka rufe komai ba. Ni ina barin kwana biyu tsakaninsu, kuma ina gaya wa ɗalibai a fili. Wanda yake da uzuri na gaskiya, haihuwa ko rasuwa ko kwanciya asibiti, akwai hanyar ƙara masa lokaci shi kaɗai ta Grant extension, ba sai ka sake buɗe wa aji duka ba.

Da sanarwa ta fita, sai in shiga neman waɗanda suka ɓace. Wannan ne aikin da ya fi cin rai, kuma shi ne wanda ba na yarda in tsallake. A aji na zahiri, kujerar da ba kowa tana nuna kanta. A intanet mutum zai yi mako shida bai leƙo ba, ba wanda ya sani. Ina buɗe kowace jinga in tace waɗanda ba su kawo ba, in rubuta lambobin rajistarsu. Yawanci ba sa wuce ashirin. Cikinsu akwai rukunin da ke ba ni tausayi: waɗanda suka ɗora fayil ɗinsu amma ba su danna maɓallin miƙawa na ƙarshe ba, aikin yana zaune a matsayin Draft, su kuwa hankalinsu kwance. Saƙo ɗaya ya ishe su.

Sai masu rantsuwa. "Wallahi Malam na tura, netwok ne ya cinye." A da ina jayayya da su, yanzu na huta. A ƙarƙashin Reports akwai Logs, inda manhajar ke rubuta duk wanda ya shigo, da minti nawa, da abin da ya taɓa. Wata rana wani bawan Allah ya dage sai da ya haɗa ni da wani dattijon abokin aikina. Muka buɗe tare, muka ga rabonsa da shafin tun makon farko na zango. Ya yi shiru, can ya ce, "To Malam, a taimaka dai." Amma kada ka ɗauka kullum kai ne mai gaskiya. Wannan rajistar ce dai ta nuna min wata ɗaliba da ta shiga shafin jingar sau bakwai a yini ɗaya ba abin da ya hau, ashe fayil ɗinta ne ya fi girman da ni da kaina na ƙayyade. Hotunan rubutun hannu ta ɗauka da waya, kowanne jibgege. Laifina ne, na buɗe mata.

Yanzu mu zo kan maki, inda mutuncin malami yake.

Kafin ka amince da kowace jimla da manhajar ta nuna maka, shiga saitin littafin maki ka nemo wani ɗan akwati da aka rubuta wa Exclude empty grades. Moodle da alamarsa a kunne take zuwa. Ma'anarsa, duk aikin da ba a sa masa maki ba, ba za a lissafa shi cikin jimla ba kwata-kwata. A tsakiyar zango wannan daidai ne, don kada ɗalibi ya ga sifili kan gwajin da ba a riga an yi ba. A ƙarshen zango kuwa tarko ne. Ɗalibin da ya yi gwaji ɗaya cikin uku ya ci tara cikin goma, manhajar za ta nuna shi da kashi 90, ya zarce wadda ta yi duka ukun ta sha wahala. Zangona na farko saura kaɗan in miƙa sakamako a haka. Abin da ya cece ni shi ne na ga sunan wani da na san ya daina zuwa tun tuni yana zaune a saman jerin, na ce a'a, ruwa ba ya tsami banza. Maganin abu biyu ne: ko ka cire alamar, ko ka bi duk gurbin da ba komai ka rubuta sifili da hannunka. Ni na biyun nake yi, domin yana tilasta min in kalli kowane gurbi in tabbata ɗalibin ne bai kawo ba, ba ni ne ban duba ba. A nan ne ma nake kama tambayoyin dogon bayani na cikin gwaji, waɗanda kwamfuta ba ta iya maki, suna can suna jirana.

Ka kuma tabbata nauyin kowane aiki ya yi daidai da abin da ka faɗa a farkon zango. A Buɗaɗɗiyar Jami'ar Najeriya, NOUN, ayyukan cikin zango da suke kira TMA maki 30 ne, jarabawa 70. Wasu jami'o'in 40 da 60 suke yi. Ko wanne ne naku, ɗauki ɗalibai uku, na sama da na tsakiya da na ƙasa, ka lissafa nasu da kalkuleta. Idan ya zo ɗaya da na manhaja, to ka yarda da ita.

Makin CA, wato na ayyukan cikin zango, nake nuna wa kowa kafin jarabawa, in ba da kwana uku na ƙorafi. Ƙorafin da aka kawo yanzu gyaran minti biyu ne. Wanda aka kawo bayan sakamako ya bi ta sashe da tsangaya ya isa Sanet, takardu ne da sa hannu da zirga-zirgar watanni. Sai dai a nuna wa kowa nasa a shafinsa. Kada a ɗauki hoton jerin sunaye da maki a watsa a gurup. Ban da cewa Najeriya tana da dokar kare bayanan mutane tun 2023, a ajina akwai magidanci da ƙanwar matarsa, akwai shugaba da yaronsa na ofis. Ba kowa ke son a san ya ci shida cikin talatin ba.

Daga nan sai fitar da maki zuwa Excel don cike takardar sakamako ta jami'in jarabawa. Da lambar rajista za ka haɗa, kada ka kuskura ka haɗa da suna. Akwai zangon da nake da Abubakar Muhammad huɗu da Aisha Ibrahim uku, kuma wasu sunan da ke shafin kwas daban da na takardar sashe, saboda aure ko juya sunan uba da na kaka. Idan za ka jera, ka zaɓi teburin gaba ɗaya. Jera layi ɗaya shi kaɗai yana raba kowa da makinsa, kuma idan ka tsallake gargaɗin da Excel ke yi kafin ya jera, ba abin da zai sake ce maka ka yi ɓarna. Sannan ka tsaya a bakin iyakoki: 39 da 40, ko 44 da 45 inda nan ne makin tsira, da 69 da 70 inda B ke zama A. Ba cewa nake a yi kyauta ba. Cewa nake a sake duba takardun waɗannan, a tabbata lissafi bai zame ba, kuma batun 39.5 a bi ƙa'idar sashe, a yi wa kowa iri ɗaya. Da zarar ka ɗaga wa ɗaya don ya iya roƙo, labari ya gama gurup kafin la'asar.

Ajiya ita ce ta gaba, kuma kafin ka taɓa komai na sharewa. Ina sauke abu uku: fayil ɗin maki, dukan jingar ɗalibai ta Download all submissions, da kwafin kwas ɗin kansa ta Backup, wanda ke fitowa da wutsiyar .mbz. A lura, a yawancin makarantu malami ba shi da izinin haɗawa da bayanan ɗalibai a wannan kwafin, darussa da tambayoyi kawai yake ɗauka. Cikakken sai ka roƙi mutanen sashen kwamfuta. Ina ajiye su wuri uku, kwamfutata da filasha da Google Drive, a folda mai ɗauke da lambar kwas da shekara da zango. Idan ka yi lakcoci ta Zoom kuma a can aka naɗe su, sauke su yanzu, don wurin ajiyar yana da iyaka, kuma ba kai kaɗai ke amfani da asusun makaranta ba.

Akwai maɓallin da ake kira Reset. Yana share ɗalibai da makinsu da ayyukansu, ya bar maka darussa tsaf don sabon aji. Yana da daɗin gani, amma abin da ya share ya tafi. Ni ba na taɓa shi. Na fi son a buɗe min sabon shafi in kwaso darussan ta Import, tsohon kuma ya zauna yadda yake, domin shekara ɗaya ko biyu nan gaba wani zai zo da batun sakamakon da ya ɓace ana gab da yaye shi, kuma a nan hujjarka take.

Ba na ɓoye shafin sai an gama jarabawa, tunda da shi suke bita. Bayan nan in ba da mako ɗaya kowa ya sauke abin da yake so, sannan in mayar da shi Hide. A Google Classroom, Archive ne makwafinsa: ɗalibai za su iya gani, ba za su iya ƙara komai ba. Gurup ɗin WhatsApp kuwa, in mayar da shi sai admin kaɗai ke magana, in yi musu sallama da fatan alheri, in gaya musu sakamako daga makaranta zai fito ba daga wayata ba. Idan ka bar shi a buɗe, cikin mako guda ya zama kasuwar atamfa da turaren wuta, tsakanin talla da talla kuma ana tambayarka ko an fitar.

Abu na ƙarshe na kaina ne, ba wanda ke tambayata shi. Ina buɗe Statistics na kowane gwaji in ga tambayar da kusan kowa ya faɗi. Wani lokaci darasin ne ban koyar da kyau ba, wani lokaci kuma amsar da na saita ce ba daidai ba, wanda ya sa ya fi kyau a yi wannan dubawar tun kafin a miƙa maki. Sannan in buɗe takarda ɗaya in rubuta wa kaina abin da zan gyara tun abin yana da zafi a kaina, don bayan hutu ba abin da nake tunawa. Ta zangon da ya wuce layi huɗu ce: a raba bidiyon mako na biyar gida uku saboda data, a ƙara girman fayil ɗin da ake karɓa, a nuna musu maɓallin miƙawa tun makon farko da hoto, a kuma cire tambaya ta sha bakwai.