In hanya ta kai ka Mumbai, ga yadda za ka zagaya garin

Jama'a tunda yanzu mutanenmu na Zazzau suna yawan zuwa Indiya, wasu jinya wasu karatu wasu sarin kaya, bari in ɗan faɗa ma wanda zai bi ta Mumbai (Bombay ɗin da kenan, a 1995 aka canja sunan) yadda zai yi da idonsa da aljihunsa, don garin nan wallahi yana ruɗa baƙo.

Tun a jirgi ka nemi kujerar taga. Kafin ku sauka za ka hango rufin shuɗin tamfol jingim har jikin katangar filin jirgi, can bayansu kuma benaye sun tokare sama. To haka garin yake gaba ɗaya. Ƙidayar 2011 ta nuna sama da kashi 40 cikin 100 na mutanen birnin a irin waɗannan unguwanni suke kwana.

In ka huta, ka ware rana guda ka ga ɓangarorin biyu, kar ka ga ɗaya ka dawo kana ba mutane labarin rabin gari. Da safe ka ɗau tasi, baƙa mai ruwan ɗorawa, ka ce a kunna mita, a bi da kai Altamount Road ka ga Antilia, gidan attajirin Indiya Mukesh Ambani, hawa 27 kuma iyali ɗaya ne a ciki. Kar ka tsaya neman keke napep a wannan yankin na kudu, an hana su shiga, sai daga Bandra zuwa sama.

Daga nan sai Dharavi, babbar unguwar talakawa, kuma nan ne nake so ka daɗe. Ka sauka a tashar jirgin ƙasa ta Mahim ko Sion, amma dan Allah ka samu ɗan unguwa ya shiga da kai, lungunan wasu da ƙyar mutum biyu ke giftawa. Wurin bai fi murabba'in kilomita 2 da ɗoriya ba, ana kiyasin mutum kusan miliyan ɗaya ne a ciki, kuma abin da zai ba ka mamaki shi ne kusan kowa aiki yake, ga masu jima da ɗinka jaka da belet, ga masu tara robobi suna wankewa suna niƙawa, ga maginan tukwane a Kumbharwada, ga teloli a ɗakin da nan ne shago nan ne makwanci. Ka yi sallama, Musulmi na da yawa a wurin za a amsa maka. Ka sayi wani abu ko walat ne. Kuma kar ka ɗaga waya kana ɗaukar mutane hoto ba izini, ni wannan ɗabi'ar tana min ciwo sosai, kai ma ba za ka so baƙo ya tsaya a zauren gidanku a Tudun Wada yana ɗaukar ƴaƴanka don ya nuna ma duniya talauci ba.

Maganar jirgin ƙasa kuwa, sama da mutum miliyan 7 yake kwasa kullum, saboda haka ka guji safiya da lokacin tashi daga aiki, kar ka kuskura ka tsaya a bakin ƙofa. Hajiya ta nemi taragon mata, akwai shi daban.

Sadaka fa? Za a roƙe ka, musamman a siririyar hanyar da ta ratsa teku zuwa masallaci da hubbaren Haji Ali, masu bara a jere suke. Ka canja ƙananan rupee, wato kuɗin Indiya, ka sa a aljihu daban, kar ka zaro walat a tsakiyar jama'a. In yara suka yanyame ka a danja, ba ɗaya kamar kiran goma ne, gara ka je Mohammed Ali Road inda abincin halal yake ka biya ma mutum biyu uku faranti su ci a gabanka.

In kuma tafiyar ta faɗo tsakanin Yuni da Satumba, damina ce mai ƙarfi, ruwa kan cika tituna har jirgin ƙasa ya tsaya, ka tafi da takalmin roba da leda ta saka fasfo da katin rigakafin shawara.