Kurakuran da aka fi yi wajen gwada koyil ɗin mota da osiloskop a gida

Tunda ƙananan osiloskop, wato na'urar da ke zana yadda wuta ke hawa da sauka a allo, na USB irin su Hantek 1008C suka yi arha mutane da yawa sun fara gwada koyil da kansu a gida, kuma gaskiya abin yana min daɗi, ya fi a yi ta cire wannan ana sa wancan har kuɗi ya ƙare. Sai dai kurakuran da nake gani kusan iri ɗaya ne, wasu ni ma na yi su da na fara.

Wanda ya fi cin kuɗi shi ne mutum ya soka wayar osiloskop kai tsaye a negatif ɗin koyil wai ai wutar mota volt 12 ce. A'a wallahi. Duk sanda birenbos, wato kwamfutar mota, ya yanke wa koyil wuta akwai tsallen da take yi har volt 300 zuwa 400, a nan ake ƙona skop. Ka sa atenuweta mai 20:1, wato abin da ke rage ƙarfin wutar sau 20, a tsakani, sannan ka shiga manhajar ka nuna mata ka sa, in ba haka ba volt 400 zai fito maka a 20 ka yi ta mamaki. Shi kuma baƙin kilif ɗin skop, negatif ɗin batir ko jikin inji ne wurinsa, kar ka kuskura ka maƙala shi a wayar koyil.

Wasu kuma sai su yi ta neman wannan tsallen a Corolla ko Camry su rasa, shikenan su ce koyil ya mutu. Ba za ka taɓa ganinsa a soket ba, don koyil ɗin Toyota mai waya 4 abin da ke yanke wutar yana cikinsa ne. Wayoyin da ke waje, ɗaya wuta, ɗaya negatif, sai IGT mai volt 5 wato umarnin birenbos, sai IGF amsar da koyil ke mayarwa cewa ya yi aiki. In IGT bata zuwa ka ƙyale koyil, ba laifinsa ba ne. Don ganin tartsatsin kuwa sai ka ɗora masa faifan gwaji, wato abin da ke ɗauko siginar tartsatsi ta jikin koyil, a ka, ko ka sa kilam na auna amp a wayar wutar. Da kilam, lafiyayyen koyil za ka ga layin yana hawa a hankali kamar tudu har wajen amp 6 zuwa 10, in ya miƙe tsaye tun farko to wayoyin cikinsa sun haɗe. In zanen ya fito a kife juya kilam ɗin kawai.

Lokaci ma ana kuskure, duk abin 'yan milisakan ne, sa milisakan 1 a kowane gida na allon skop ka saita tiriga, wato inda skop zai fara kama siginar, zanen ya tsaya cak.

Inda na fi so a nutsu shi ne karatun zanen. Kowa idonsa na kan dogon tsinin da tsallen wutar ke yi a zanen, alhali labarin yana kwance a layin da ke biye da shi, wato tsawon lokacin da tartsatsi ke ci a bakin fulogi, milisakan 1 zuwa 2 ake so. Tsini ya yi tsawo layin ya gajarce, bakin fulogi ya buɗe da yawa ko mai ya yi wa silinda kaɗan. Tsini gajere layin ya yi tsawo, fulogi ya yi dauɗa ko wuta ta samu hanyar gudu. Duk wannan fa koyil na iya zama lafiyarsa ƙalau. Sannan bayan layin akwai 'yar rawar da zanen ke yi sau 3 zuwa 5 kafin ya kwanta, in babu ita sai ka fara zargin koyil. Kuma da faifan gwaji kar ka yarda da tsawon tsini sosai, matsar da shi kaɗan ma yana canzawa, ka ɗora a wuri ɗaya kan kowane koyil ka kwatanta su.

Dan Allah a daina zare koyil inji na aiki don a ji ko sauti zai canza, yana kashe koyil, ɗanyen man kuma salansa yake tafiya ya lalata katalis mai tace hayaƙi.

Sai kuskuren gwaji a silo kawai da inji mai sanyi. Corolla ɗin yayana ta yi ta misin, sikana ta ba da P0303, wato misin a silinda ta 3, har ya sayi koyil 2 abin bai daina ba. Na ɗora faifai a silo, duka huɗun iri ɗaya, saura kiris in ce masa ba wuta ba ce. Sai na bari ta yi zafi na ce Yaya taka totur da ƙarfi ka saki, nan take sauran ukun tsininsu ya tashi layinsu ya hargitse kamar yadda ya kamata, ta 3 kuwa tsinin ya tsaya a ƙasa layin ya kwanta sumul, alamar tartsatsin ba a cikin silinda yake ci ba. Da muka zare, bakin mai ne kwance a ramin fulogi daga gasket ɗin murfin sama, ga wani siririn baƙin layi a jikin farin fulogin kamar an ja da fensir. Muka canza gasket da fulogi, muka mayar da tsohon koyil ɗinsa na asali da sabuwar robar bakinsa, misin ɗin ya tafi.